Shekarun da Na Yi Ina Zuba Dalma a Kan Silikon

Adireshin da aka ba ni ya kai ni ƙofar wani shagon gyaran taya. Na tsaya da akwatina a cikin ƙanƙara, in dubi lambar da ke jikin bango, in dubi wayata. Lamba dai ita ce, gidan haya ne babu. Wani ƙaton mutum mai baƙin mai a hannu ya fito, na nuna masa hoton ɗakin da aka turo mini tun ina gida, mai gado da tebur da shuɗin labule. Ya duba, ya girgiza kai, ya yi mini nuni da hannu cewa ba ni ne na fara zuwa da wannan hoton ba. Na kira wanda ya shirya mini ɗakin, wani ɗan ƙasarmu da muka haɗu a intanet, mai yawan ce mini ɗan'uwa, wanda na sallama tun kafin in taso. Wayarsa a kashe. Har yau a kashe take.

Haka Poland ta tarbe ni. Sunana Nasiru, ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Gummi, amma asalina wani ƙauye ne tsakanin Anka da Bukkuyum. Can na baro Inna, da matata Hauwa'u, da ɗiyarmu Asma'u da ba ta daɗe da fara tafiya ba, duk a hannun yayana Lawali. Gurbin bincike na samu na shekara biyu a wata jami'a, abin da na daɗe ina roƙon Allah. Ga shi na iso, tun kafin ƙarfe huɗu duhu ya fara sauka, takalmin da na saya a kasuwar Gusau ya jiƙe, yatsun ƙafata sun daina ji.

Mai gyaran tayar ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗauki waya ya yi magana da harshensu. Ba a jima ba wata tsohuwa gajera ta iso cikin ƙatuwar rigar sanyi. Mahaifiyarsa ce, sunanta Irena. Ba ta dubi fuskata ba, takalmina ta duba, ta yi wata magana mai kama da faɗa, ta kama hannun akwatina ta ja. Na bi ta, don ba ni da inda zan je. Ɗakin ƙaramin ɗanta ta ba ni, wanda ya tafi neman aiki wata ƙasa. Da ta kawo mini miya na kasa sha, na ɗauki biro na zana alade a bayan tikitina na nuna mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta buɗe hannuwa tana kaɗawa kamar kaza. A gidanta na zauna har na bar ƙasar, kuma ba mu taɓa yin hira ta kirki ba sai ta hannu da ta fassarar waya.

Ɗakin gwajin a ƙarƙashin ƙasa yake, ba taga. A tsakiyarsa akwai wata tukunyar ƙarfe mai girman randa, bututu na fita daga jikinta ta ko'ina, famfuna na ta gurnani suna zuƙe iskar cikinta dare da rana. Shugaban wurin wani dogon dattijo ne mai farar gira, kowa Farfesa yake ce masa. Ban taɓa ganin haƙoransa ba. Ranar farko ya ɗauko wani ɗan siririn abu mai sheƙi da hantsaki, bai kai farcen babban yatsa ba.

"Wannan silikon ne," in ji shi. "Da shi ake yin ƙwaƙwalwar wayarka. A can cikinsa kowace ƙwayar zarra tana riƙe da maƙwabta huɗu. Amma waɗanda suke a fuskarsa, inda aka yanke, an raba su da na samansu, hannuwansu na reto. Ba su iya zama haka. Sai su jirkita su kama juna, su yi wani sabon jeri daban da na ciki. Ka gane?"

Na ce na gane.

"To idan muka yayyafa musu wata zarrar daban, shimfiɗa ɗaya tak, kaurin zarra guda, sai su saki juna su kama baƙin. Jerin ya warware, wani ya fito. Yadda wuta ke gudana a fuskar ma ya sauya. Aikinka ke nan, ka zuba, ka duba, ka gaya mini abin da ka gani, ba abin da kake so ka gani ba."

Sannan ya buɗe wata 'yar kwalba ya zazzago 'yan dunƙule masu launin toka a kan takarda. Ya ce su zan riƙa zubawa. Da na karanta jikin kwalbar sai na ja da baya ba shiri. Dalma ce. Mu mutanen yankin Anka ba a yi mana bayanin dalma. Shekarar da gubarta ta fita daga dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gidaje, a Duza da Tungar Daji da ƙauyukanmu, yara sun yi ta sanƙarewa suna mutuwa. 'Ya'yan Yaya Lawali biyu na cikinsu, ni na taya shi haƙa kabarin na biyun. Farfesa ya lura, ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau. Na sa safar hannu na ɗauka.

Wanda aka haɗa ni da shi ya koya mini na'urar shi ne Tomek, ɗalibin da ya fi kowa daɗewa a wurin. Mai fara'a ne, shi ya kai ni inda ake sayar da takalmin sanyi, shi ya nuna mini shagon wani Baturke mai naman halal. Ya koya mini cewa tabon yatsa ɗaya a cikin tukunyar nan ya isa ya ɓata aikin mako. Ya koya mini yadda ake ba silikon wuta har ya yi fari fat kamar ƙarfe a maƙera, don dattin samansa ya ƙone, sannan a bar shi ya huce a hankali. Idan ya huce sai a harba masa wani siririn hasken lantarki, abin da ya dawo ya faɗa kan wani koren allo ya zama ɗigo-ɗigo. Daga jerin ɗigon ake gane yadda zarra suka zauna.

Na yi watanni ina ganin hazo kawai. Ranar da fuskar ta fito mini tsaf, allon ya cika da ɗigo a jere kamar aikin hula na gwanin maɗinki, wanda suke kira bakwai-sau-bakwai. Na buɗe murfin ɗan murhun da ke narka dalma, turirinta ya sauka a kai, ina kallo ɗigon suka dusashe ɗaya bayan ɗaya. Da na ɗan ɗumama shi sai wasu suka fito, kaɗan, a karkace. Ni kaɗai a ɗakin na ce Allahu Akbar.

Wajen tsakiyar damina ta gida na ci karo da wani abu. Idan na sanyaya silikon ɗin da ruwan naitirojin, ɗigon nan sai kowanne ya rabu gida biyu. In na ƙara dalma ɗan mitsitsi, sai su matso kusa da juna. In ƙara, su ƙara matsowa, ba a hankali ba, tsalle-tsalle, kamar mai hawa matakala. Na ɗauki hotuna na kai wa Tomek. Ya daɗe yana dubawa.

"Datti ne," ya ce. "Kada ka kai wa Farfesa, zai ce ba ka iya wanke samfur ba. Bar mini su in duba maka."

Na bar masa, har da godiya.

A kwanakin ne na yi waya da Hauwa'u, na ji muryarta ba daidai ba. Ta ce babura na ta wucewa ta bayan gonaki, mutanen ƙauyen da ke gaba da mu duk sun kwashe. Na ce ta ba Inna. Inna ta ce, "Kai dai yi karatunka, Allah na nan." Bayan 'yan kwanaki na kira, wayar ba ta shiga ba. Na kira Yaya Lawali, na kira shugaban makarantarmu a Gummi, na kira duk wanda na sani daga Anka har Gusau, shiru. A rediyo na ji cewa an katse layukan waya a jihar baki ɗaya saboda 'yan bindiga.

Wanda bai taɓa zama haka ba ba zai gane ba. Labari na fitowa cewa an kai hari yammacin Zamfara, ba a faɗi sunan gari ba. In ɗauki waya in ajiye, in sake ɗauka. Abinci ya daina shiga. Irena ta ga kwanonta na dawowa a cike, ta tsare ni da ido har na rubuta mata a waya abin da ke faruwa. Ta karanta, ta zauna a bakin gado, ta dafa kafaɗata. Daga ranar kullum da safe sai in tarar da shayi a ƙofata, ita kuma in ji ta a ɗakinta tana jan carbinsu tana ambaton sunana, da na Asma'u da take kira Asma.

Ana cikin haka aka yi taron mako na ɗakin gwaji. Tomek ya tashi ya haska hotuna a bango. Nawa ne. Har ɗan tabon da ke gefen allon ranar da na ɗauka yana nan. Ya yi bayani tiryan-tiryan, ya ce abin da ya gano ke nan cikin watannin nan. Farfesa ya gyara zama, karo na farko da na ga abu ya ja hankalinsa. Na ɗaga hannu.

"Farfesa, ni na ɗauki waɗannan hotunan."

Kowa ya juyo ya dube ni. Tomek ya yi murmushi ya ce gaskiya ne na taimaka, ni nake zuba masa ruwan naitirojin. Wasu suka sunkuyar da kai. Farfesa ya dube ni, ya dube shi, ya ce a ci gaba.

Ba a yi mako ba muka shigo da safe muka tarar famfuna sun yi shiru, ƙararrawa na ƙara. Wani ya buɗe bawul ɗin da bai kamata ba, wato makullin da ke tare iska, iska ta afka cikin tukunyar alhali wayoyin wutar da ke ciki na da zafi, suka ƙone. Aikin kowa ya tsaya. Tomek ya ce ni na fita ƙarshe, kuma kowa shaida ne hankalina ba ya wurin, kullum idona na kan waya. Wannan na biyun gaskiya ne. Na rantse ban taɓa bawul ɗin ba, amma da na koma gida na kwanta sai na fara tambayar kaina, anya? Mutumin da ya sa gishiri a shayi shekaranjiya, me ba zai yi ba?

Ga shi takardar zamana a ƙasar ta kusa ƙarewa, kuma ba a sabuntawa sai da sa hannun Farfesa. Ya kira ni ofis, bai ce in zauna ba.

"Ba ni da yadda zan san wa ya buɗe bawul," ya ce. "Hotuna kuma ba su da baki. In an gyara na'ura zan ba ka samfur ɗaya na silikon. Ka yi a gabana daga farko har ƙarshe. In na ga abin, zan sa hannu. In ban gani ba, ka koma gida. Kuma daga yau ba mai shiga ɗakin nan da waya."

Na fito ina maimaita kalmar gida. Wane gidan? Ban san ko akwai shi ba.

Gyaran ya ci makonni. Aka sauya wayoyin wutar da suka ƙone, aka naɗe tukunyar da takardar alminiyom aka yi ta gasa ta kwana da kwanaki don raɓar cikinta ta fita. Ranar da aka sa mini, na yi sallar asuba, na daɗe a kan darduma. Da zan shiga ɗakin gwaji na tsaya a gaban akwatin da ake ajiye wayoyi. Na kasa. Na kashe ƙararta na tura ta cikin safata.

Farfesa ya jawo kujera ya zauna a bayana. Tomek ya jingina da bango, hannu a ƙirji. Na ba silikon wuta, na bar shi ya huce, na kunna allo. Bakwai-sau-bakwai ta fito tsaf. Farfesa ya ce, "Ci gaba." Na duba zafin murhun dalma, na yi bisimilla, na buɗe murfi. Daga nan ido ba ya barin agogo, don in aka wuce kaɗan, shimfiɗar ta wuce ɗaya.

Sai na ji ƙafata na rawa. Wayar ce.

Na daure. Ta tsaya, ta sake farawa. Na sunkuya na zaro ta. Baƙuwar lamba ce, ta Najeriya. Na ji Tomek ya ce wani abu da harshensu. Ban san lokacin da na kai ta kunne ba.

"Nasiru? Kana ji na? Lawali na!"

"Yaya! Ina kuke?"

"Har cikin Kebbi niz zaka neman sabis, wayar wani direba ta. Sun shigo muna, Nasiru. Sun ƙone rumbuna, sun kore shanu. Sun kashe Baffa Isa bakin rijiya."

"Innalillahi. Inna hwa? Hauwa'u hwa?"

"Inna tana Anka, da ƙahwa munka tai, goya ta niy yi rabin hanya. Ita ko Hauwa'u, sa'ad da anka watse, ita da ɗiyar..."

Layin ya yanke. Na kira, bai shiga ba. Na sake kira, wata murya ta ce ba a samun lambar. Na yi ta dannawa, har na ji ƙarar ƙarfe a bayana. Farfesa ne ya tashi da kansa ya rufe murfin dalmar da na bari a buɗe. Na dubi allo. Ba ɗigo ko ɗaya, hazo ne kawai. Dalma ta yi yawa ta binne komai.

Tomek ya ce, "Shi ke nan, ya lalace."

Farfesa bai kula shi ba. Ya tambaye ni wa ya kira. Na gaya masa, da Turancin da ya rage a bakina. Baffa Isa ƙanen mahaifinmu ne, shi ya riƙe mu bayan rasuwarsa. Matata da 'yata kuma ban san ko suna da rai ba. Farfesa ya saurara har na gama. Sannan ya miƙo hannu, na ɗauka ƙwace wayar zai yi. Ya karɓa ya ɗora ta a kan tebur, a gefen allo, fuskarta sama.

"Nan za ka gan ta in ta yi haske," ya ce. "Kana iya tashi ka tafi, ba zan riƙe ka da wannan ba. In kuma za ka zauna, ga tambaya. Shimfiɗar farko ta kama silikon da ƙarfi. Ta samanta fa, me ta kama?"

Na share fuska. "'Yar'uwarta kawai. Riƙon bai kai na farko ba."

"To me za ka yi?"

"In ɗumama shi kaɗan-kaɗan, rarar ta tashi."

"Samfur ɗaya na ce. Ban ce ya mutu ba."

In na tafi, ɗaki zan koma in zauna ina kallon waya. Na zauna. In ba shi wuta kaɗan, in kashe, in zuba ruwan naitirojin, mu jira ya yi sanyi, mu duba. Hazo. In sake. Ido ɗaya a allo, ɗaya a waya. Azahar ta wuce, ban ko tuna da abinci ba. Can wajen la'asar hazon ya fara washewa, ɗigo suka ɓullo, dishi-dishi, kowanne a rabe gida biyu, kusa da juna. Farfesa ya matso har girarsa na taɓa gilashi.

"Kafin ka ƙara wuta," ya ce, "gaya mini abin da za su yi."

"Da ina ƙara dalma matsowa suke yi. Yanzu ragewa muke yi, za su ware. Kuma tsalle za su yi, ba jan ciki ba."

Na ɗumama, na sanyaya, na kunna. Sun ware. Na sake, suka ƙara warewa. Farfesa ya miƙe, ya ce in kawo takardata ofis da safe. Da na waiwaya, Tomek ba ya ɗakin. Ban ji daɗi ba, ban ji komai ba. Wayar ba ta yi haske ba.

Sai da aka ƙara wasu kwanaki ina tsakanin rai da mutuwa. Ina cikin motar haya zan tafi aiki kiran ya shigo, wata lambar daban. Yaya Lawali ya ce an gan su. Hauwa'u ta faɗa gonar dawa da Asma'u a baya, ta toshe mata baki da gefen zane har baburan suka wuce, suka kwana a daji, wasu Fulani mata masu tallan nono suka raka ta har Bukkuyum gidan kawunta. Ƙaya ta yi mata kaca-kaca da ƙafafu, amma suna lafiya. Na fashe da kuka a cikin mutane, wata mata da ke kusa da ni ta miƙo mini hankici ba ta tambaye ni komai ba. Na ce wa Yaya gobe zan nemi jirgi.

"Inna ta san haka za ka ce," in ji shi. "Ta ce in gaya maka, in ka zaka yanzu mi za ka yi muna, ka tsare ɗaki guda da mu? Ka ƙare abin da yak kai ka."

Na zauna na ƙare. Farfesa ya sa hannu, bai taɓa ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Maganar bawul ta mutu haka nan, har yau ban san wa ya buɗe shi ba. Da aka buga sakamakon aikin, sunan Tomek ne a gaba, nawa na biye, don shi ya yi lissafin da ya fassara jerin zarran, kuma ya iya. Daga baya na ji cewa a lokacin shi ma wa'adinsa ya zo ƙarshe ba shi da abin nunawa. Muka ci gaba da aiki a ɗaki ɗaya, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Da layukan waya suka dawo, kullum sai na kira gida, Hauwa'u ta kara wa Asma'u wayar a kunne in yi ta surutu ita tana shiru. Ranar da zan taho, Irena ta raka ni tashar jirgin ƙasa, ta kama fuskata da hannu biyu ta yi dogon jawabi da harshensu. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba, na ce amin.

Ƙauyenmu har yanzu ba kowa. A Anka na same su, a wani gida bayan kasuwa da suke haya da wasu iyalai. Ɗan acaɓa ya sauke ni da rana tsaka. Inna na zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta rame, Hauwa'u na wanki a gindin bango. Wata yarinya mai kitso ta gan ni da akwati ta ruga ta ɓuya a bayan Inna. Na durƙusa na gaida Inna. Yarinyar ta leƙo, ta ƙura mini ido, ta ja hannun rigar kakarta.

"Inna, mutumen cikin waya na."

Inna ta ture kwaryar gyaɗa gefe, ta turo ta gabana.

"Awo, shi na," ta ce. "Ya hito."